Maɓallan Takalmin Gwaggo

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa daga yayanki, wanda sai an zauna da alƙalami ake gano ta inda ya zama yayanki. Kakanninmu mata dai nono ɗaya suka sha, wannan kuwa ya ishe ni in yi miki faɗa. Ina fata kina lafiya, karatun jinya yana tafiya, tsofaffin asibitinku kuma ba su ƙarar da ke ba. Mu nan lafiya, ban da bayana da ya fara ba ni labarin shekaruna duk lokacin da na sunkuya. Uwargidana, Antinki, tana gaishe ki. Shago yana nan a ƙofar gidanku, littattafan da ba a saya ba suna tsufa tare da mai su.

Ƙunshinki ya iso. Na buɗe shi a gaban wani malamin makaranta da ya zo neman ƙamus, sai ga takalman roba shuɗɗa masu faɗin kai kamar kwale-kwale, samansu duk huji, da 'yar jaka cike da maɓallan ado: kifi, lema, mabuɗi, fure, kwaɗo, da wasu halittun da ban taɓa gani a littafi ba. Malamin ya tambaye ni ko jika aka yi mini. Na ce na tsohuwa ne mai shekara saba'in da ɗoriya. Ya fita yana waiwaye.

Ga gaskiyar lafiyar Gwaggo, mahaifiyarki. Jiki da sauƙi, tana ci, tana barci. Kan ne dai yake ƙara nisa. Ran nan ta nemi almakashinta har da hawaye, alhali yana hannunta. Keken ɗinkin mun cire masa allura, mun lulluɓe shi da zane. Wani lokaci takan kira ni da sunan mahaifina, in amsa, tunda shi ba ya nan balle ya yi ƙorafi.

Da na kai mata takalman ta ce, "Wane mara aikin yi ne ya huhhuje wannan da ƙusa?" Sai ta ɗauki maɓalli ɗaya, ta juya bayansa, ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta cikin takalmin, ta danna da babban yatsa, ya shige. Ta ce, "Ashe maɓalli ne. Wanda ya yi hujin nan ya iya aiki." Hannun da yake manta yadda ake riƙe cokali bai manta maɓalli ba. Tun hantsi har la'asar tana sawa tana cirewa, ba ta nemi almakashi ba ko sau ɗaya.

Na san saura miki shekara, kuma in kika bari yanzu sai daga farko. Ban ce komai ba. Takalmi dai ya iso, saura mai aikowa.

Yayanki mai shagon littattafai

*

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Anti, Allah ya saka muku da alheri a kan Inna. Ni lafiyata lau, sai gajiya.

Na karanta wasiƙarka a ɗakin canza kaya kafin in shiga aiki. Na yi dariya a wurin malamin ƙamus. Da na zo layin ƙarshe sai dariyar ta tsaya. Kai da ka ce ba ka ce komai ba. Kana ganin ban san kai da Anti ne kuke ɗawainiya da uwata, ni kuwa ina nan ina wanke iyayen wasu ba? In kun gaji, ka faɗa mini kai tsaye, kada ka naɗe mini magana cikin barkwanci.

Takalman ba wasa ba ne. A ɓangarenmu duk tsofaffin irinsu suke sawa, don ba sa santsi a banɗaki, kuma babu igiyar da za ta harɗe mutum. Da yake duk iri ɗaya ne, sai mu maƙala wa kowa abin da zai gane nasa da shi. Akwai wata tsohuwa da ba ta san sunanta ba, amma ta san nata ne mai jirgin ruwa, kuma kaiton wanda ya taɓa mata. Ita na gani na tuna Inna.

Waya ta daina yi mana amfani. Ranar hutuna Anti ta kanga mata a kunne, na ce, "Inna, ni ce." Ina ji ta ce wa Anti, "Rage rediyon nan." Da aka nuna mata fuskata a wayar, cewa ta yi yarinyar talabijin tana da fara'a. Don haka ka ci gaba da rubuto mini, ko da baƙar maganarka.

Muna da ɗan hutu a tsakiyar zango. Ina so in zo lokacin, in Allah ya yarda. Abu ɗaya nake tsoro, kada in iso ta tambaye ni 'yar wace ce. Ka faɗa mini gaskiya, tana ambatona?

Auta

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki da gaisuwar wanda aka ja wa kunne. Muna lafiya. Antinki ta karanta wasiƙarki, ta goyi bayanki, ta ce tun ranar da ta aure ni take fama da wannan bakin. Ba mu gaji ba. Gwaggo ce ta ba ni wannan shagon lokacin da ba ni da komai sai kwali biyu na tsofaffin littattafai da girman kai. Layin ƙarshen nan kewa ce, rubutun ne ya fito a karkace.

Kin tambaya ko tana ambatonki. Kullum, kuma takalmanki ne sanadi. Ta raba wa mutane maɓallan, kowa da nasa. A takalmin dama akwai fure, wato Antinki. Akwai tauraro, wato matar da take kawo mana madara. Akwai jar lema, ke ke nan. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Ita ce ba ta son ruwa ya taɓa ta, tun tana goye." Ni kuwa, bayan duk karatun da na yi, kwaɗo aka ba ni. Na nemi a sake duba shari'ar, ta ce idanun sun yi daidai.

Takalmin hagu unguwar manya ce. Mabuɗi Kawu ne, mahaifinki, saboda shi da ajiye makullai. Kifi yayarta ce. Ƙaramin kofi kuwa maƙwabciyarku mai saƙa, abokiyar hirarta.

Da safe, bayan Antinki ta shirya ta, takan zauna a bakin gado ta ɗora takalman a cinya, ta bi su da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya tana gaishe su. "Kin tashi lafiya? Ya gajiya?" In ta zo kan lema takan daɗe. Jiya ina tsaye a bakin ƙofa na ji tana ce miki ki daina fita ba kallabi ("kanki ne zai yi ciwo, ba nawa ba"). Na karanta littattafai da yawa a kan yadda mutum yake riƙe abin da ya sani, ban ga inda aka ambaci robar takalmi ba. Na janye dariyata, rabinta dai.

Yayanki, kwaɗo

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Kin ji ni shiru kwana biyu, ruwan sama ne ya sami hanya ta rufin shago, ya karanta mini rabin kantar tarihi. Muna lafiya. Gwaggo ta yi mura, ta warke, sai dai ta rage magana da cin abinci.

Wani ɗan labari. An yi miki ƙarin girma. Ran nan da safe na tarar an cire jar lema daga dama, an mai da ita hagu, unguwar manya, tsakanin mabuɗi da kofi. Ba a yi shawara da kwaɗo ba.

Yaya maganar hutun nan na tsakiyar zango? Har yanzu yana nan? Ina tambaya ne kawai.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina yi maka jajen littattafai. Na ji daɗi da murar Inna ta tafi.

Wasiƙarka ta same ni a ranar da nake buƙatar dariya. Wato yanzu na zama babba, ina zaune kusa da Baba da mai saƙa. Ka gaishe mini da mai saƙa, ka ce ta matsa mini wuri. Tunda har Inna tana canza mini gida, ai ina ranta ke nan, hankalina ya kwanta.

Shi ya sa na yanke wata shawara. Shugabar ɓangarenmu ta ce in na haƙura da hutun tsakiya, na yi aiki a cikinsa, zan gama da wuri, in dawo gaba ɗaya ba sai na yi ta zirga-zirga ba. Na amince, har an ba wata gurbina. Ka ga ba a banza aka ƙara mini girma ba.

Autar manya

*

Auta,

Ina gaishe ki. Jikin kowa lafiya. Wannan wasiƙar babu barkwanci a cikinta, ki karanta ta a zaune.

Kin roƙe ni in daina naɗe magana, na naɗe, kika ɗauki ƙunshin kika bar abin da ke ciki. Ba zan iya gaishe miki da mai saƙa ba. Ta rasu tun kina jarrabawar bara, muka ɓoye miki don kada ki rikice. Kawu, da yayar Gwaggo, da mai saƙa: duk wanda yake takalmin hagu ya mutu. Dama na masu shigowa ta ƙofa ne. Gwaggo ta daɗe ba ta ga kin shigo ba, sai ta yi lissafinta irin na mai hankali, ta kai ki inda take kai waɗanda suka daina zuwa.

Makokinki take yi. Abincin da ta rage ba mura ba ce. Da safe in ta zo kan lema ba ta yi miki faɗan kallabi, addu'a take yi miki. Shekaranjiya ta kama hannuna ta ce, "Kai da kake yawo a gari, ina aka kwantar da ita? Ba wanda ya kai ni." Na ce kina raye, kina karatu, kina rubuto wasiƙa. Na karanta mata ɗaya. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta shafa kaina ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, na san kuna shiri da ita."

Na gwada dabara. Tana barcin rana na mai da lemar dama. Da ta farka ta duba, ta kalle ni kallon da take yi wa mai koyon ɗinki in ya sa hannun riga a baibai. Ta cire, ta mayar hagu, ta ce, "Ba a wasa da waɗanda suka kwanta." Ban sake taɓawa ba.

Ba zan ce miki ki bar karatu ba. Na san abin da kika sha kafin ki sami gurbin nan, kuma Gwaggon da kika sani da ta bi ki da tsintsiya in kika bari. Amma tsoron da kika ambata mini ya iso, kuma ba ta ƙofar da muka tsare ya shigo ba. Ba ta manta ki ba. Ko ganinki zai gyara wannan, ban sani ba. Likitan da yake duba ta ma ya ce bai sani ba.

Yayanki

*

Auta,

Gaisuwa. Wata ya kusa zagayowa ban ji daga gare ki ba, Antinki ta kira ba ki ɗauka ba. In fushi kike yi da ni, kin yi daidai, amma ki rubuto ko layi ɗaya ne. Gwaggo tana nan yadda na faɗa miki.

Yayanki

*

Yaya,

Na dawo daga gida lafiya, na koma aiki. Na gode da rakiya. Ka yafe mini shirun da na yi kafin in zo, roƙon a ba ni 'yan kwanakin nan in zo gida nake ta yi, kuma ban so in sa muku rai. Ka yafe mini kuma shirun da na yi maka a tasha. Ka tambaye ni yadda muka yi da Inna bayan kun ja mana ƙofa, na ce lafiya. Ga abin da na kasa faɗa.

Na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, ni ce, na dawo." Ta dube ni sosai, ta ce, "Sannu, 'yan mata. Daga asibiti?" Na faɗi sunana. Ta ce, "Sunan 'yata ke nan. Allah ya raya ki." Na nuna mata tabon da ke goshina, na tuna mata ranar da na faɗo daga kan teburin yanka. Ta fara kallon ƙofa, tana neman Anti. Na san wannan kallon, kullum ina ganinsa a wurin aiki in 'ya'ya suka matsa wa tsoho sai ya gane su. Ni ce nake fitar da su waje in ba su haƙuri. Sai na daina matsa mata.

Na ɗebo ruwan ɗumi na wanke mata ƙafa, na yanke mata farce, na shafa mata mai. Jikinta ya saki. Ta ce hannuna yana da sanyi. Can ta jawo takalmin hagu ta nuna mini lemar, ta ba ni labarina. Ta ce yarinya ce mai taurin kai, mai tsoron ruwa, mai ƙoƙari. Ta ce ita ce ta matsa mata ta tafi karatu, da ta sani da ta bar ta a gida. Ta yi kuka. Yaya, na riƙe hannun uwata na ce mata Allah ya ji ƙan 'yarki, ya ba ki haƙuri. Ta ce amin. Ta ce ni ce ta farko da ta yi mata gaisuwa yadda ya kamata, 'yan gidan duk musu suke yi mata.

Ranar ta cinye abincinta. Kun yi murna, kuka zaci ta gane ni, na bar ku a haka. Duk kwanakin da na yi, yarinyar asibiti take kirana.

Shugabarmu ta ce in na sake ɗaga ƙafa kafin ƙarshe, gurbin ya tafi. Watannin da suka rage ba su da yawa ga mai lafiya. Ban san abin da zan yi ba. In na dawo ma, wa ya dawo?

Auta

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu. Muna lafiya. Antinki ta karanta wasiƙarki ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Ni na fita na jera littattafan da suke a jere.

Ba ni da shawara. Na duba inda nake dubawa in na rasa ta cewa, marubutan duk sun yi shiru. Abin da na gani kawai zan faɗa miki.

Washegarin tafiyarki Gwaggo ta sa aka kawo mata jakar maɓallan. Ta zazzage su a kan zane, ta daɗe tana tona su, ta ɗauki wani farin tsuntsu. Ta sa shi a dama, a hujin da lema ta bari. Na ce, "Gwaggo, wannan kuma wane ne?" Ta ce, "Yarinyar asibiti mana. Kai ba ka lura da mutane." Yanzu da safe tana yi wa lema addu'a, sannan ta koma dama ta yi wa tsuntsu faɗa, wai ta rame, wai ba ta cin abinci, wai wace irin uwa ce ta bar ta tana aiki haka.

Ta hana Antinki yanke mata farce, ta ce akwai mai yi. In an taɓa ƙofa takan ɗaga kai. Jiya kuwa, ina kawo mata ruwa, na tarar ta sa babban yatsa a ƙarƙashin tsuntsun tana ɗan motsa shi. Ta ce, "Ita ma ta daɗe." Ba ta cire ba. Na tsaya har ta ajiye takalmin.

Kin ce kada in naɗe miki magana, ga ta nan a buɗe.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Lafiyata lau.

Na ajiye gurbin, na bar karatun. Shugabarmu ta ce in na so in sake nema wata shekara, ba ta yi alkawari ba, ni ma ban yi ba. Kada ka rubuto mini ko na yi daidai. Ka ce wa Anti ta share mini ƙaramin ɗakin da ke kusa da na Inna, ba tsohon ɗakina ba, kada ta ga baƙuwa a gadon 'yarta. Zan taho da rigunan aikina, su zan riƙa sawa a gida.

Ka shaida mata tun yanzu don ta sa rai. Kada ka ce 'yarta ce za ta zo. Ka ce yarinyar asibiti tana hanya, kuma wannan karon an ba ta aikin gidan gaba ɗaya.

Auta